Wane suna za mu raɗa wa traceur de courbes?

Malamin lantarki, Damagaram: Jama'a, ana rubuta takardar sayen kayan ɗakin gwaji, an zo kan injin da Faransawa ke kira traceur de courbes, Ingilishi curve tracer. Aikinsa: gwada taransista, wadda ƙafafunta uku su ne kolekta da emeta da baz. Ya tura wuta tana hawa tana sauka tsakanin kolekta da emeta, yana ƙara wa baz kuran mataki-mataki, kowane mataki ya ja layinsa a gilashi. Bolt a kwance, kuran a tsaye. Na ce "mai zana lanƙwasa", amma ya yi wa baki nauyi.

Mai gyaran rediyo, Birni: Malam, lanƙwasa ai ta maƙera ce, yaro zai zaci injin tanƙwara rodi ne. Me zai hana ma'aunin taransista?

Injiniya, Sabon Gari: Yaya, wannan sunan mita ta riga ta cinye shi. Mita lamba ɗaya take ba ka, ta ce beta 200, wato kuran na kolekta ya ninka na baz sau 200, shi ke nan. Wannan kuwa yana nuna inda taransista ke yoyo, da bolt ɗin da take fashewa, da yadda zafi ke sauya ta. Hali yake nunawa. Ni na ce madubin taransista. Layukan kuma tsintsiya, tunda daga kusurwa ɗaya suke fitowa su baje.

Mai gyaran rediyo: Tsintsiya ta zauna. Sai dai ba taransista kaɗai ba, diyod da zena, masu ƙafa biyu, ma yana duba su.

Injiniya: Madubin mota ma har jaki yana nunawa, ba a sake masa suna ba.

Malamin lantarki: To, madubi. Wanne za a rubuta a takardar?

Injiniya: Tektronix 576, na 1969. Wanda ya gabace shi, 575 na 1957, fitilu irin na tsohon rediyo ne fal cikinsa, ga zafi, ga zafin Afrilu namu. 576 yana kai bolt 1500 da wat 220, yana jan layi har goma, kuma a gefen gilashi yana rubuta ƙimar kowane gida na layukan awo da ke kan gilashin, da ta beta, da haske. Akwai 577 da ya biyo baya, bai kai shi nauyi ba. 576 ya haura kilo 30, a lissafa kuɗin dako tun kafin ciniki. In aljihu bai kai ba, Heathkit IT-3121 ƙaramin akwati ne da ake jona wa osilo, injin da ke nuna siffar wuta a gilashi, ya ishi ɗalibai.

Kada a biya sai mai sayarwa ya aiko da bidiyo na abu biyu. Ya sa rezistans ta kilo-om 1 tsakanin kolekta da emeta, kwance bolt 1 kowane gida, tsaye miliamfa 1. Layi miƙaƙƙe zai fito, gida ɗaya gaba, gida ɗaya sama. In ya saɓa wa haka, awon injin ya goce. Sannan ya sa taransista BC547 ko 2N2222, matakin baz mikro'amfa 10, tsaye miliamfa 2. In tazarar layi da layi gida ɗaya ce, beta 200 ke nan. Ku ƙirga tsinken tsintsiyar: in an nemi goma aka ga bakwai alhali sauran ba su haura saman gilashi ba, ko suna rawa, makunnan sun yi datti ko sashen matakan ya samu matsala.

Mai gyaran rediyo: A ƙara da gilashin. An daina ƙera shi, in ya dushe ko ya ƙone a kusurwar da ɗigon ke zama, sai an yanka wani injin a ciro. A ce ya ɗauki hoton da rana, don a duhu ko mataccen gilashi kyau yake yi. A tabbata kuma da teburin gaba da ake soka taransista, da murfinsa. Sau da yawa ana sayar da injin babu su, kuma ba murfi manyan bolt ba sa tashi, da gangan aka yi haka don kada ya kashe mutum. Kada wani ya yi dabarar toshe makunnin nan a ɗakin da yara ke shiga.

Injiniya: Ranar da ya iso, a duba bayansa kafin a taɓa soket. Na Amurka kan zo a kan 115, wutarmu 220 ce. A mayar da shi 230, a sa fis ɗin da ya dace. Kunnawar farko a jera shi da kwan fitila mai zare, ko a ɗaga wutar sannu-sannu da bariyak, taransfoma da ake murɗawa a ƙara ko a rage bolt, don kondansa da suka shekara hamsin sun bushe. In kwan ya haska ya ƙi dushewa, a kashe. Lokacin hunturu a rufe shi da ƙyalle, ƙura in ta taru a sashen babban bolt tartsatsi take jawowa.

Malamin lantarki: Saura wannan: wani lokaci layi kan buɗe ya zama zobe siriri. Me za mu ce masa?

Mai gyaran rediyo: Zarge. A ƙaramin kuran daga wayoyi ne, akwai maɓallin rage shi a gaban injin. A babban kuran kuwa taransistar ce ke ɗaukar zafi, a ƙara rezistans ta jeri kafin ta gasu.

Malamin lantarki: Na rubuta: madubin taransista, Tektronix 576, da teburinsa da murfinsa, guda 1.