Taurari sun ƙi fitowa tsaf a hotunana na Yankari, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu ɗaukar hoto. Ƙarshen Disamba na kwana uku a sansanin Wikki da ke Yankari, na zaɓi lokacin da wata ya ɓuya don in samu duhu sosai. Da ido, Kaza da 'Ya'yanta na nan tar a tsakiyar sama. A hoto kuwa duk tauraro ya kumbura ya zama kamar ɗigon kunu.

Kyamarata Nikon D5600 ce, da gilashin 18-55mm da ta zo da shi. Na kafa ta a kan mai ƙafa uku, gilashi a 18mm, buɗin ƙofar haske f/3.5, ƙarfin karɓar haske (ISO) 3200, tsawon lokacin ɗauka daƙiƙa 15, na kuma sa ta jira daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka don kada hannuna ya girgiza ta. Taurarin ba su ja wutsiya ba, ke nan lokacin bai yi yawa ba.

Inda na maƙale shi ne saita gani. Gilashin ba shi da alamar nesa, idan na bar kyamarar ta saita da kanta sai ta yi ta lalube a duhu. Na juya da hannu ina ƙara girman tauraro a allo, duk da haka bai tsuke ba. Ko hazon hunturu ne? Ko tururin ruwan ɗumin Wikki ya sauka a gilashin?

Fabrairu zan wuce gandun dajin Gashaka-Gumti ta garin Serti, tafiyar da na daɗe ina tara wa kuɗi. Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan, ta yaya zan tantance ko hazo ne ko saiti, tun ina wurin?