Naman kaza mai kama da ƙwai: a dafa ko a zubar?

Maman Hanifa: Salamu alaikum. Maigidana yana gadi a wani fili can bayan Ikorodu, jiya ya shigo da leda cike da wani naman kaza fari, kewayayye, ba shi da laima ba shi da ƙafa. Na yanka biyu, cikinsu fari fat kamar awara. Maƙwabciyata Bayarabiya ta ce suna ci, wata kuma ta ce yana da antioksidan, wai sinadarin da ke kare jiki. In sa a miyar yara? Nama ya gagare mu.

Ɗan Agege: Laimar kwaɗi ce, zubar kawai.

Maman Hanifa: Malam, na ce ba shi da laima.

Hajiya Idi-Araba: 'Yata, ki ji tsoron Allah. Ƙanina ya tsinto irin wannan a damina, aka soya da albasa. Da magariba lafiya lau, sai wajen asuba amai da gudawa. Kwana biyu ya ji sauƙi har ya koma kasuwa, a na huɗu idonsa ya yi rawaya. A asibiti suka ce hanta ce, kuma ba za su taɓa shi ba sai an ajiye kuɗi. Awarwarona na sayar. Ya rayu, amma har yau ba ya iya ɗaukar buhu.

Ummu Sadiq: Innalillahi. Allah ya ƙara masa lafiya, Hajiya.

Malam Bello (malamin bayoloji): Hajiya, abin da kika faɗa ya yi kama da gubar Amanita, wani irin naman kaza mai kisa. Yana ƙarami shi ma ƙwai ne sak, kuma alamunsa kan jira awa 6 zuwa 24, dafuwa ba ta kashe gubar. Shi ya sa ake tsaga kowane ɗaya daga sama zuwa ƙasa. In kin ga zanen 'yar laima a ciki, guba ne. In fatar tana da kauri, cikin ya yi baƙi-baƙi, wani iri ne mai cutarwa. In ya fara rawaya ya tsufa. Maman Hanifa, biyu kika yanka, leda guda kuma fa?

Hajiya Idi-Araba: Mu ma fari muka gani, Malam. Karatu bai kwana a bakin gadon asibiti ba.

Malam Bello: Ban musa ba, Hajiya. Batun gina jiki kuwa, ɗanyen irin wanda Maman Hanifa ta samu kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, sai an busar furotin ɗin yake yawa. Antioksidan akwai, amma zogale da yakuwa ma suna da nasu. Abin da ya fi damuna shi ne yana zuƙar dalma da makuri, wato zaiba, daga ƙasa, duk masu guba ne. A Legas, ina filin da babu juji ko hayaƙin mota kusa?

Sani Okada: Wai ba shi ne wanda muke takawa muna yara ƙura ta tashi bus ba? Malam, gaskiya ne Turawa na ce masa tusar kerkeci?

Malam Bello: Ma'anar sunansa Lycoperdon ke nan da Girkanci. Kuma kada yara su shaƙi ƙurar da yawa, tana taɓa huhu.

Sani Okada: To ni dai ba a yi min miyar tusa ba.

Baba Mai Tumatir: Ku bar wahala. Na gona ana samu a Mile 12, ɗauri dubu ɗaya da ɗari biyar. Shekarata 20 a kasuwar nan.

Ummu Sadiq: Baba, wane Mile 12? Dubu huɗu na saya a wani kanti a Ikeja, ɗan fakiti da bai cika tafin hannu ba, na soya ya koma cokali uku.

Ɗan Agege: Ku sa cokalin azurfa a tukunya, in ya yi baƙi akwai guba. Kakata ta koya min.

Malam Bello: Wannan ba gwaji ba ne, don Allah kada kowa ya dogara da shi.

Ɗan Agege: Kakar tawa ta kai 90, kai nawa kake?

Baba Mai Tumatir: Duk tsadar nama ce ta jawo wannan. Saniya tun daga Arewa sai an biya a shinge kaza kafin ta iso mayankar Oko-Oba, mu kuma kwandon tumatir haka. Wa zai biya in ba mai miya ba?

Sani Okada: Ganda ma yanzu sai a yanka maka kamar katin waya.

Maman Hanifa: Jama'a, ledar na nan, biyu sun fara rawaya. In tsaga sauran ne ko yaya?

Ummu Sadiq: Baba, nawa kwandon yau?