Darasin Alexander don ciwon baya: ta ina ake farawa?

Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Mutum ne zaune a Ingila, zaman kwamfuta ya sa masa ciwon baya da wuya, aka ce ya gwada Alexander Technique. Tausa ce ko motsa jiki?

Baffa: Wa alaikumus salam Auta. Ba ko ɗaya ba ne, karatu ne. Malami ɗaya, ɗalibi ɗaya, minti 30 zuwa 45. Zai sa ka zauna a kujera ka tashi, ka sake zama, hannunsa na ƙeyarka yana jin abin da kake yi. Galibin mutane da zarar sun yunƙura za su tashi sai su ɗaure wuya, su ja kai baya, su riƙe numfashi, ba su ma sani ba. Kai kuwa ya kusa kilo 5, in aka ja shi baya duk nauyin kan ƙashin wuya yake sauka. Shi kansa F. M. Alexander, wanda ya ƙirƙiro dabarar, ɗan Tasmaniya ta Ostireliya, da madubai ya gano haka a jikinsa lokacin da muryarsa ke disashewa a kan dandamali. Abin da ake koya shi ne dakatawa kafin motsi, a bar wuya ya saki, sannan a tashi.

Goggo: Ƙari a kan na Baffa, ka duba ko malamin yana cikin rajistar STAT, ƙungiyar malaman da aka kafa a 1958. Horonsu shekara uku ne. Da tufafinka ake yi, takalmi kawai ake cirewa, amma akwai taɓa wuya da kafaɗa da baya. Mace ta nemi malama tun wajen kama lokaci, suna da yawa. Yawanci da kuɗin aljihu ake biya, don haka a yi darasi ɗaya na gwaji tukuna.

Auta: Na gode Goggo. Darasi nawa ake buƙata?

Yaya Babba: An yi gwaji a Ingila kan masu daɗaɗɗen ciwon baya 579, mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2008. Bayan shekara, waɗanda suka yi darasi 24 ciwon kwana 3 suke yi a mako huɗu, waɗanda ba su yi ba kwana 21. Darasi 6 haɗe da tafiyar ƙafa ya kusa kamo na 24, shi ne shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi. A jera na farkon kusa da juna, kada a bar wata guda a tsakani.

Goggo: Aikin gida ya fi komai. Kwanciya rigingine a kan darduma, ba katifa ba, domin katifa tana lotsawa, baya ba ya samun abin dogara. A tara siraran littattafai ƙarƙashin ƙashin ƙeya, kada su taɓa wuya. In sun yi yawa haɓa za ta danne maƙogwaro, haɗiyar yawu ta yi wuya. In sun yi kaɗan kai zai faɗa baya, haɓa ta kalli sama. Gwiwoyi a tanƙware suna kallon rufi, tafin ƙafa a ƙasa, tazararsu faɗin ƙugu, hannaye a kan ciki, ido a buɗe. Minti 10 zuwa 20 kullum. Kada a danna kwankwaso ƙasa da ƙarfi, da kansa yake sauka. Wajen tashi a mirgina gefe, a dafa ƙasa. Mai tsohon ciki ta tambayi ungozoma tukuna.

Baffa: Inda ake ɓata abin shi ne mutum ya fito daga darasi ya sandare kamar soja a fareti, ya turo ƙirji, ya gantsare, wai yana gyara tsayuwa. Wannan sabon ɗauri ne a kan tsoho, kafin la'asar baya ya gaji. Kuma da farko daidai ɗin ne zai ji maka kamar karkace, saboda jiki ya saba da karkacen. Shi ya sa bidiyo kaɗai ba ya wadatarwa.

Yaya Babba: In babu malami kusa, akwai Feldenkrais, wata dabarar koyon motsin jiki ce ta daban, ajinta na taro ne, da baki ake ba da umarni, yana yiwuwa ta intanet. Sai dai Auta, in akwai mutuwar ƙafa, ko rashin ji a matsematsi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa ko ya ƙi fita, wannan na asibiti ne a ranar, ba na darasi ba.

Auta: Allah ya saka da alheri. Littattafai nawa zan fara tarawa a ƙarƙashin ƙeya?

Goggo: Fara da kaurin yatsu uku, malamin zai ƙara ko ya rage a darasin farko.