"Mai nema yana tare da samu": ta shafi marubuci?

Malamin Hausa, Ƙofar Sauri: Jama'a, ana yawan faɗa wa sabon marubuci wannan karin magana idan littafinsa ya ƙi tafiya. Lallashi ne, ko gaskiya ce?

Mai buga littattafai: Malam, in kuɗi ake nufi, a daina yaudarar yara. Kuɗin faranti, wato ƙarfen da ake ɗora rubutun a kai don injin bugu, ɗaya ne ko kwafi 200 za ka buga ko 1,000, shi ya sa bugu kaɗan ke sa kowane kwafi tsada. Ka buga da yawa kuma, masu shago su karɓa bashi, sai an sayar a biya ka, saura su yi ƙura. Ka sa a intanet, mutum ɗaya ya saya ya tura wa rukunin WhatsApp kyauta. Ina samun?

Hajiya, Daura: Alhaji, karin maganar ba ta yi alkawarin riba ba. Cewa ta yi samu ba ya zuwa wa wanda ya zauna. Lokacin gasar rubutu ta 1933, Abubakar Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina, babu kasuwar littafin hikaya da boko tukuna, amma ya rubuta. Mata da yawa na rubutu yau ne don akwai maganar gidan aure da ba ta faɗuwa a baki. Mace ɗaya ta karanta ta ce "halin da nake ciki ke nan", ai an samu.

Ɗalibi: Hajiya, to kowa ya rubuta kawai?

Hajiya, Daura: A'a, ɗana. Neman ne sharaɗi. Ka gama labarin, ka ajiye shi makonni, ka karanta da ƙarfi don ka ji inda jimla ke tuntuɓe, sannan ka ba wanda ba ya jin nauyinka ya gyara. Masu shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, su kiyaye adadin kalmomin da aka ƙayyade.

Mai buga littattafai: Na yarda da wannan. Ƙari: yawan shafuka ya zama ninkin 16 (kamar 32 ko 48) don kada a yi asarar takarda, kuma a kawo aikin a PDF, in ba haka ba ƙ, ɗ da ɓ kan koma akwatuna a wata kwamfutar.

Malamin Hausa: Alhaji, a aiko da gwajin bugu marubuci ya duba kafin a ɗora faranti?

Mai buga littattafai: Dole. Bayan faranti, kowane gyara sabon kuɗi ne.