Wadda ta taɓa kai ƙarar dukan miji ko na saurayi caji ofis, me ta tarar?

Maman Sultan, Birnin Kebbi
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kullum aka ce wance mijinta ya fasa mata baki, sai ku ji ana "ta kai shi wurin 'yan sanda mana." To waɗanda suka je fa? Ina son jin abin da ya faru daga shiga ƙofa zuwa fita, daga bakin wadda ta je ko wanda ya raka. Don Allah kar a faɗi sunan mutum ko na ofis.

Ɗiyar Kabi
Wa alaikumus salam. Ni na raka magajiyata. Da dare munka tai, leɓenta a fashe, ido guda bai buɗewa, ga ɗiya goye. Na kan kanta ya dube ta sama da ƙasa, tambayarshi ta farko ita ce, "Hajiya mi kinka yi mai?" Ba a ce mata zauna ba, ba a ce sannu ba. Da anka zo maganar ɗauko shi, sai anka ce motar sintiri ba mai, mu munka biya. Shi kuwa ba a ma kamo shi ba, da safe ya zo da kanshi cikin shadda, tare da abokai da wani dattijon gidansu, anka wuce da su ofishin oga kai tsaye, mu muna benci. Da anka kira mu ciki, magana ta riga ta ƙare: "Wanga sha'anin cikin gida ne, ku je ku sasanta." Ya sa hannu ga takardar alkawari cewa ba ya ƙarawa. Takardar tana can aljihun tebur ɗinsu, ko kwafi ba a ba mu ba. Azumi bai zo ba ya ƙara, har da cewa ta koma ta kira mai su.

Anti Nas
Ni daga ɓangaren asibiti zan yi magana. Abin da ke kashe ƙara tun kafin a fara shi ne bakin mai ciwon. Za ta zo da shatin waya a gadon baya, kwance layi-layi, ka tambaye ta, ta ce a banɗaki ta zame. Uwar miji na tsaye a kanta riƙe da jaka. Abin da ta faɗa shi za a rubuta a kati, ran da aka je kotu kuma katin ne zai yi magana.

Idan kin fara zuwa caji ofis, ki nemi fom ɗin asibiti, likitan gwamnati ya cike a mayar cikin fayil. Idan ciwon ya yi tsanani, asibiti za ki fara, rai ne gaba. A ɗauki hoto ranar, a sake ɗauka bayan kwana biyu, don taruwar jini ba kullum take nunawa nan take ba, balle a baƙar fata. Kar a wanke rigar da jini ya ɓata. In akwai fyaɗe a ciki, maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, bayan nan ya wuce. Wadda kuma aka shaƙe wa wuya, ko babu tabo ta faɗa. Mu shi ya fi ba mu tsoro.

Tsohon Sufeto
Na yi aikin nan har na ajiye kaki, ku bari in faɗi namu. Yadda ya kamata: a rubuta ƙorafi a littafin kanta, DPO ya ba wa IPO, wato ɗan sandan da zai yi binciken, a ɗauki bayaninta da na shaidu, a ba da fom ɗin asibiti, a gayyato ko a kamo wanda ake ƙara, a rubuta FIR, takardar gabatar da ƙara, a kai kotu. In rauni ya yi muni ko an rasa rai, fayil ya tafi CID a hedikwata Birnin Kebbi. Wannan shi ne a takarda.

A zahiri kuwa, ka yini kana rubutu, ka sayi fayil da kuɗinka, ka je asibiti a kan mashin ɗinka, gari na wayewa sai ga uban yarinya da mai unguwa da liman: "Ranka ya daɗe, mun zo mu janye, mu a zuri'armu ba a kai miji ƙara." Yarinya na gefe kanta a ƙasa. Ka kai kotu, a kira shaida babu kowa, alƙali ya kori ƙara. In haka ta yi ta faruwa da ɗan sanda, ran da wata ta shigo sai ya fara da sulhun tun daga kanta. Ban ce daidai ne ba. Sannan mu da sashe na 55 na tsohon Final Kod, kundin hukunta laifuka, muka tashi, wanda ya ce ladabtar da mata ba laifi ba ne in al'ada ta yarda kuma bai kai ga mummunan rauni ba. Da yawanmu shi ne ya zauna a kai.

Ɗiyar Kabi
Baba Sufeto, da girmanka, amma mu ba mu janye ba. Janye muna anka yi.

Uwar marayu
Ni na janye, kuma zan faɗi dalili. Daren da ya kwana a sel, ƙannensa suka kulle ɗakin abinci suka tafi da makulli. Babana ya aiko cewa in ban fito da uban 'ya'yana ba kar in taka masa gida. IPO ɗin, Allah ya saka masa, ya ja ni gefe ya ce, "Baiwar Allah, ciwon nan naki ya isa kotu, ki yi tunani." Na ce yallaɓai ina zan kwana yau? Ya yi shiru. Ba shi da amsa, ni ma ba ni da ita. Masu cewa mata ne ke ɓata ƙara, su fara tambaya wa zai ba yara koko da safe.

Lauyan talakawa
Baba Sufeto ya kawo sashe na 55, to an wuce nan. Dokar VAPP ta hana cin zarafi, Jonathan ya sa mata hannu a 2015, amma a Abuja kaɗai take aiki sai jiha ta yi tata. Kebbi ta yi tata, Gwamna Atiku Bagudu ya sa hannu a 2022. A ta tarayya, dukan mata ko miji laifi ne mai zaman kansa, ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Korar mace daga gida da ƙarfi laifi ne, haka bibiya da razanarwa. Akwai kuma odar kariya, kotu ta hana shi kusantar ki ko da ba a ɗaure shi ba, kuma na lura mafi yawan masu zuwa wurina abin da suke so ke nan, ba kurkuku ba.

In an ƙi karɓar ƙara a ofis, a rubuta takardar koke zuwa ga Kwamanda na yanki ko Kwamishina, a riƙe kwafi mai hatimi. Ko a tafi kotu kai tsaye, doka ta yarda. Lauyoyi mata na FIDA, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da hukumar ba da lauya kyauta, ba sa karɓar kuɗi. Na sha ganin fayil ɗin da aka ce ya ɓace ya fito daga zuwan takardar lauya. Beli kyauta ne, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, don haka in miji ya gudu kar ki ce a ɗauko uwarsa.

Malam na Zaure
Ƙari a kan na Barista. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, matar da ta tabbatar da cutarwa alƙali na iya raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba. Da yawa ana tura su khul'i su biya, alhali su aka cuta, don kawai ba su da shaida. Takardar asibitin nan da Anti Nas ta faɗa tana aiki a kotun shari'a ma. Sulhun da Suratun Nisa'i ta ce kuwa, mutum ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Ba a ce a tara nasa su biyar ita kaɗai ba.

'Yar makaranta
Duk maganar matan aure kuke. Ƙawata saurayinta ya tare ta a hanyar hostel ya mammare ta, ya ƙwace wayar da ya saya mata, ya ce in ta bar shi hotunanta za su zagaye WhatsApp. Mun je. Tambayoyin da aka yi mata: me ya kai ki ɗakinsa, iyayenki sun sani, wa ya ce ki tura hoto. Ana yi ana dariya, mutane cike a kanta. Ƙarshe zancen ya koma lissafin kuɗin da ya kashe mata, kamar ita ce ta ci bashi. Ta roƙi a bar maganar don kar a kira babanta. Mai aure ana ce mata ta yi haƙuri, budurwa kuwa ce mata ake ita ta ja.

Maman Sultan
Subhanallahi. Babu wadda ta dace ne?

Mai ɗinki a Badariya
Akwai. Ni da na shiga cewa na yi ina son ganin mai kula da ƙarar mata da yara. Aka haɗa ni da wata 'yar sanda, ta kai ni wani ɗaki ta rufe ƙofa, ta ba ni ruwa. Da Hausa ta ɗauki bayanina, ta karanta min kafin in dangwala. Ita ta raka ni asibiti. Da 'yan uwansa suka zo da maganar sulhu ta ce musu, "Ba ku kuka kawo ƙara ba, ku jira a waje." Ta tambaye ni ni kaɗai me nake so. Na ce kayana da yarana da takardata. Da rakiyar 'yan sanda na kwashe keken ɗinkina. Daga baya na kai wata ƙawata, aka ce an yi mata canjin wurin aiki, wanda muka tarar kuma ya ce mu je Hisba.

Ɗan ƙauye
Ku na birni kuna da zaɓi. Mu daga garinmu zuwa ofis mafi kusa kuɗin mashin zuwa da dawowa ya fi abin da mace ke samu a sati a sana'ar ƙuli, kuma bayan la'asar ba mai bin hanyar saboda halin da ake ciki. Ƙara wurin hakimi take tsayawa. Barista, ƙanwata ce abin ya shafa, tana da ciki, ba ta iya hawa mashin yanzu. Ni zan iya shigar da ƙarar a madadinta, ko dole sai ta je da kanta?

Lauyan talakawa
Kana iya kai rahoto, laifi kowa na da ikon sanar da shi, amma dole daga baya a ji ta bakinta. Ka fara kai ta asibitin da ya fi kusa a rubuta abin da aka gani, ka riƙe katin a wurinka, kar ka bar shi a gidan mijin.