Firiyam Irin Na Da: Sauti Ake Saye Ko Suna?

Injiniya Babba: Ina nan kan bakana. Sitidiyon da ba shi da firiyam (na'urar da ke ƙara ƙarfin sautin makirufo kafin a ɗauke shi) irin na da, muryar da zai fitar ba za ta yi kauri ba. Firiyam ɗin Neve 1073 tun 1970 aka ƙera shi a Ingila, har gobe shi ake kwaikwayo. Taransifomomin cikinsa, in ka ɗan matsa musu, su ke ba murya nauyi, su rage mata kaifi.

Ɗan Zoo Road: Oga, da girmanka, ban yarda ba. Waƙoƙinmu a lasifikar waya ake jin su, bayan an sha musu Auto-Tune, manhajar gyara murya. Wa zai gane kaurin? Focusrite Scarlett, 'yar na'urar haɗa makirufo da kwamfuta mai firiyam a ciki, ta ishe ni, kuma ai kamfanin Focusrite ɗin ma Rupert Neve, wanda kamfaninsa na farko ya ƙera 1073, shi ne ya kafa shi a 1985.

Injiniya Babba: Ƙanena, ya kafa shi dai, amma bai ƙera maka Scarlett ba. Babu taransifoma a hanyar sautinta. Haɗa mata makirufon Shure SM7B, wanda ke neman ƙarin ƙarfin sauti wajen desibel 60, ka ji yadda tsofaffin samfurinta ke huci. Shi 1073 har 80 yake kaiwa.

Hajiya Mai Rediyo: Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Ɗakin da ba a gyara ba, ga amsa-kuwwa, ga ƙarar janareta, firiyam mai tsada ƙara fito da su zai yi. A fara da bango da makirufo.

Mai Gyara: Hajiya ta yi gaskiya. Kuma masu sha'awar firiyam mai kwalbar lantarki (tube) irin Universal Audio 610 su tuna da zafin Afrilu da wutarmu mai hawa da sauka. In babu sitabilaiza, wurina za ku dawo.

Ɗan Zoo Road: To Oga, na kwaikwayon fa, su Warm Audio WA73 da Golden Age Pre-73?

Injiniya Babba: Sun yi kusa sosai, ban ƙi ba. Sai dai ga kalangu da ganguna ni API 512c nake so, ya fi kama bugu da sauri.

Hajiya Mai Rediyo: A ɗauki murya ɗaya da firiyam irin na da, da kuma na zamani, a daidaita ƙarfinsu, a ɓoye suna. Malam Injiniya, za ka iya ware naka?

Injiniya Babba: Ku kawo mawaƙin ranar Asabar. Amma a lasifikar sitidiyo, ba a waya ba.