Soket ɗin tirela a cikin bodin mota, wa ya taɓa sawa?

Direban mazra'a, Kharj:
Salam 'yan uwa. Kafil ɗina, wato maigidan da nake yi wa aiki a gona, ya sayo tirelar dawaki irin mai dogon wuyan nan da ake ɗaurewa a tsakiyar bodi, motar GMC Sierra ce. Soket ɗin kamfani da ake jona wayar wutar tirela yana can ƙasan bamba, sai wayar ta haye ƙofar baya tana lilo, duk kwanar da na sha sai ta goge fenti, jiya ma fizgewa ta yi a hanyar Riyad. So nake a maido shi cikin bodi. Wanda ya taɓa yi don Allah ya ba mu labari.

Mai Silverado, Riyad:
Wa alaikumus salam. Na yi a tawa kuma ko waya ɗaya ban yanke ba. Akwai wata waya mai reshe biyu da ake saidawa, za ka zare filogin kamfani ta bayan bamba ka cusa ta a tsakani, reshe ɗaya ya koma wa tsohon soket ɗayan ya hau sama, duka biyun na aiki. Hujin wajen inci 2 ne, a bangon bodi ɓangaren direba, tsakanin tudun taya da ƙofar baya. Amma kafin a fara hudawa ka zura hannu ta ƙasa ka ji abin da ke bayan wurin, bangon biyu ne, in aka danna da ƙarfi sai a ɓullo ta waje, na ga yaron da ya yi wa motar mutane haka a sina'iyya, unguwar makanikai, wallahi har tausayi ya ban.

Mai riwaya, Jidda:
Alhaji ya faɗi gaskiya amma fa na motocin Amurka ke nan, masu Hilux kar ku ce haka naku yake. A tsarin Amurka birki da sigina waya ɗaya suke bi: rawaya hagu, koriya dama, ruwan ƙasa ƙananan fitilu, fara kuma as, wato wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. Ita Hilux birki daban sigina daban, sai an sa ɗan akwatin konbata a tsakani kafin ta ja tirelar Amurka. Sannan soket mai baki 7 ma iri biyu ne, na Amurka haƙoransa faffaɗa, na Turai zagayayyu, kuma shuɗiyar waya a na Amurka birkin tirela ce, a na Turai fitilar hazo ce, to wanda ya bi kala ido rufe kun ga inda zai kwana.

Amma abin da ya fi kawo min motoci shago as ne. Mutum ya taka birki fitilu su dushe, ya sa sigina duk bayan tirela ya kama ƙyafta ido, ya canza ƙwan fitila ya canza fis, nan ko farar wayar ce aka ɗaure kan fenti. A kankare shasi sai ƙarfe ya yi fari tas, a ɗaure da noti, a shafa giris. Nan Jidda da raɓar teku ko bakin hujin ba a barin shi ba fenti. Masu F-150 daga 2015 ku sani bodinku alminiyom ne, ba kowane sukuru ake ɗaura masa ba, sai ya ci wurin.

Mai ɗaukar tumaki, Makka:
Ni wanda ya min aikin ƙasa ƙasa ya sa min shi, dab da daɓen bodi. To da fitsarin tumaki da ruwan wanki duk ciki suke zuwa, kan ka ce me haƙoran sun yi kore. Sai da aka ɗaga shi sama kusa da leɓen bodi, murfin yana rufowa daga sama. Ku lura da salansa kuma, tawa wayar a can ta narke, a ɗaure ta nesa da shi.

Direban mazra'a, Kharj:
Allah ya saka da alheri. Malam mai riwaya, tirelar tana da birkin lantarki, da an jona shi ke nan zai kama?

Mai riwaya, Jidda:
A'a ɗan uwa, sai da na'urar da ke ba shi wuta in ka taka. Wasu Sierra da ita suke zuwa, duba dashbod za ka ga wani ɗan maɓalli da ake matsewa da yatsa biyu. In babu sai an sa. Turo min hoton filogin tirelar tukuna, kar ka sai komai.